Ki Fara da Alayyafo, Tumatir Zai Jira

Tsakar gidana a Rigasa ba ta da girma. Ɗan lungu ne kawai a bayan rijiya, inda rana ke sauka daga hantsi zuwa la'asar, kuma daga nan nake samun ganyen miya. Duk wadda ta tambaye ni ta ina za ta fara, amsata ɗaya ce: alayyafo. Tumatir sai ya ci kusan wata uku kafin ki tsinki ɗaya, ga cuta da damina, kafin nan gwiwarki ta yi sanyi. Alayyafo kuwa, sati uku zuwa huɗu ya shiga tukunya.

Ki samo tsofaffin buhunan shinkafa, ki huhhuda gindinsu, ki naɗe bakin su dawo rabi. Jar ƙasarmu ta nan in ta bushe tauri take yi kamar bulo, don haka ki haɗa kashi biyu na ƙasa, ɗaya na yashi, ɗaya na taki. Takin nan lallai ya zama ruɓaɓɓe. Shekarar farko ɗanyen kashin kaji na zuba, shukar ta ƙone ƙurmus, abin ya yi min ciwo ƙwarai. Yanzu kashin awaki nake tarawa, in yayyafa masa ruwa, in rufe shi wata ɗaya ko fiye.

Irin alayyafo mitsi-mitsi ne. Ki cakuɗa rabin cokalin shayi da yashi cikin tafin hannu, ki barbaɗa, ki ɗan lulluɓe da ƙasa sama-sama; in ya yi zurfi ba zai fito ba. Cikin kwana biyar za ki ga tsiro. Ban ruwa kuma da gwangwanin da aka huda da ƙusa, don bokiti kwashe irin yake yi. A zafin Maris da Afrilu safe da yamma, amma ban da ruwan sabulu. In ya kai kamu ɗaya, kada ki tuge. Ki yanka ki bar tsawon yatsa, zai sake toho. Ni duk kwana goma nake shuka sabon buhu, shi ya sa ba ya yanke min.

Lalo yana da taurin kai: ki ƙulle irinsa a tsumma, ki tsoma a ruwan zafi na 'yan daƙiƙoƙi, ki shanya, sannan ki shuka. Lansir da latas na hunturu ne, lansir ma sati biyu zuwa uku ya isa kwaɗo. Kuɓewa wata biyu take bukata, kuma in ta fara, duk kwana biyu ki tsinka kafin ta tsufa.

Kajin maƙwabta da ƙadangaru sun fi ƙwari ɓarna a wurina. Tsohon gidan sauro na ɗaura a kan sanduna huɗu, na huta. Su ƙwarin kuwa, ki daka ganyen dogon yaro, ki jiƙa ya kwana, ki tace, ki yayyafa da yamma. Ganyen da yara za su ci nan da sati ɗaya, ban yarda a fesa masa maganin kanti ba.

In ruwan Agusta ya kankama, ki ɗora buhunan a kan bulo kada saiwa ta ruɓe. Sannan ki bar gindin alayyafo biyu mafi kyau su yi huda. In kan ya bushe, ki murje shi a faifai, ki sheƙe, ki zuba irin a busasshiyar kwalba.