Darasi na 9: Me Ke Sa Matashi Ya Tashi Kafin Ruwa Ya Zo?

A karanta tare

Duk shekara, tun kafin a ga hadarin farko, hukumar NiMet mai kula da yanayi takan faɗi yadda damina za ta kasance. Daga baya hukumar NIHSA mai lura da koguna ta fitar da sunayen jihohi da ƙananan hukumomin da ruwa zai iya ci. Ana faɗa a rediyo, ana turawa a waya. Matasa sun fi kowa ji, don wayar tana hannunsu dare da rana. Amma ji daban, tashi daban. Saurayi zai karanta saƙon a majalisa, ya ce "Allah ya kyauta," ya koma kallon ƙwallonsa.

To me ke tayar da shi? Mu leƙa bakin Kogin Haɗeja mu gani.

Ruwan wannan kogi daga ƙasar Kano yake fitowa. Can ne madatsar Tiga da ta Challawa suke. Yana bi ta Wudil, ya shiga Jigawa ta wajen Ringim, ya ratsa Auyo da Haɗeja, ya nufi Yobe. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. In kogi ya cika a watan Agusta da Satumba, sai ya rasa hanya, ya fantsama cikin gonaki da gari. A 2022 Jigawa na cikin jihohin da suka fi shan wuya. A shekarar, mutum fiye da 600 ne suka rasu a faɗin Najeriya, fiye da miliyan ɗaya kuma suka bar gidajensu.

Saurayin da ya kwana a ajin firamare a waccan shekarar, da tabarma a jiƙe, yana jin kukan ƙannensa, ba sai an roƙe shi ya ɗauki shebur ba. Gani ya kori ji. Shi ya sa a garuruwan bakin kogi za ka tarar da samari a kan jinga tun da sauran lokaci, wasu na haƙa, wasu na ɗura ƙasa a buhu, wasu na kwana suna gadi da tocila don kada jingar ta ɓalle cikin dare.

Amma wanda bai gani ba fa? Dubi Maiduguri. Ruwan madatsar Alau ya ci garin a 1994. Bayan shekara 30 ya sake yin irin wannan babbar ɓarna, a daren 9 wayewar 10 ga Satumba 2024, mutane na barci. Duk wanda bai kai shekara talatin ba a ranar, labarin ruwan farko kawai ya ji, in ma ya ji. Nan aikin manya yake. Dattijon da ya san inda ruwa ya tsaya a jikin bangon masallaci, ya kama hannun jikansa ya nuna masa. Ya ce, "Ka ga nan? Nan ya kawo." Wannan nuni ya fi sanarwa goma shiga zuciya.

Wata hira

A ce wani manomi ne da ɗan ƙanensa, suna zaune a zaure bayan la'asar.

"Kawu, an ce bana ma ruwa zai yi yawa."

"Na ji. Gobe ka tara mini abokanka, a gyara jingar bayan gari."

"Kawu, bara mun yi kwana uku muna aikin nan. Da aka kawo kayan agaji, ko sunanmu ba a rubuta ba."

Kawun ya yi shiru. Can ya ce, "Gaskiyarka. To bari in tambaye ka. Fadamar nan da na yanka maka, ta wa ce?"

"Tawa ce."

"Shinkafar da ke ciki fa? Ba da ita kake son kai lefe ba?"

Yaron ya sunkuyar da kai yana murmushi. Washegari shi ya riga kowa zuwa.

Mu tsaya a kan hirar nan, don akwai abu biyu a cikinta. Na farko, mai abin asara shi ke shiri. Matashin da ke da gonarsa, ko tinkiyarsa, ko keken ɗinki, ko kwantenar cajin waya a bakin titi, ya san me ruwa zai ɗauke masa. Wanda ba a ba shi komai ba, ko akuya, yana ganin asarar ta wasu ce. Na biyu, ƙorafin yaron gaskiya ne. Mun cika kiran matasa ranar ɗaukar kaya, mu manta da su ranar shawara da ranar rabo. Wanda aka yi wa haka sau biyu, karo na uku zai ce yana da uzuri. Kuma kada mu yi saurin cewa lalaci ne. Mai acaba ko ɗan dako da ya bar aikin yini guda, abincin gidansu na ranar ya bari. In unguwa ta sa aikin gayya, ta sa shi ranar da ba kasuwa, a dama kunu ko fura, mai unguwa ya ambaci sunayen waɗanda suka fito.

Abokai ma suna da ƙarfi. In shugaban majalisa ko kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallo ya tuɓe riga ya shiga kwata, sauran za su ji kunyar tsayawa kallo. Liman kuwa in ya tuna wa jama'a a huɗuba cewa a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, ya rufe bakin mai cewa "abin da Allah ya rubuto ba makawa."

'Yan mata kuma ba a cika lissafa su ba, alhali su suka san inda komai yake a gida: katin rigakafin yara, maganin Kaka, buhun gero da ya rage. A ba yarinya mai karatu aikin haɗa takardun gida, za a sha mamaki.

Aikin da za a ba su

Ka ce wa matashi "ku yi hattara," ba ka ba shi komai ba. Ka ce masa "kai ke duba sanda," ka ba shi aiki. Ga yadda ake yi. A kafa doguwar sanda a bakin kogi ko rafi, a yi mata zane da fenti, taki ɗaya tsakanin kowane zane. Mutum biyu su riƙa dubawa safe da yamma, suna rubutawa. A yi yarjejeniya tun yanzu: in ruwa ya kai jan zane, a buga wa mai unguwa, a yi shela a lasifikar masallaci, a fara fitar da tsofaffi, masu ciki da yara zuwa tudu. Kowa ya san tudun da za a je da hanyar da za a bi.

Buhun ƙasa kuwa ba a cika shi fam. A zuba ya ɗan wuce rabi, a lanƙwasa bakin a ƙasa, a jera kamar ginin bulo, na sama ya hau tsakanin biyu na ƙasa, a tattake. Buhun da aka cika ya yi tumbi ba ya kwanciya, ruwa na bi ta gefensa.

A cikin gari, a yashe magudanan ruwa kafin damina, a kwashe sharar nan take, don in an bar ta a bakin kwata ruwan farko zai mayar da ita. Katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, takardar fili da ta makaranta, a sa su a leda biyu a ɗaure, a rataye sama. A ɗauki hotonsu a waya. Hatsi a ɗora a kan dakali ko a kai gidan dangi a tudu. Mai ginin ƙasa ya duba gindin bango. In ya jiƙe ya fara tsagewa, kada a kwana a ɗakin.

Gargaɗi ɗaya ga samari musamman, don su ne masu ganin sun iya iyo. Ruwa mai gudu da bai wuce idon sawu da yawa ba yana iya kayar da ƙato. Kada a ratsa shi da ƙafa ko da babur, kada a cika wa kwalekwale kaya. A kashe wutar lantarki in ruwa ya shigo gida. Bayan ya janye, a tafasa ruwan sha, don lokacin ne amai da gudawa ke ɓarkewa.

Sababbin kalmomi

A rubuta kowace sau uku: ambaliya, jinga, madatsa, magudana, gargaɗi.

Tambayoyi

1. Daga ina ruwan Kogin Haɗeja yake fitowa?
2. Shekara nawa ne tsakanin 1994 da 2024?
3. Me ya sa yaron ya ƙi aikin jinga da farko, me kuma ya sauya masa ra'ayi?
4. Samari 12 sun fito aikin gayya. Kowanne ya ɗura buhu 15. Buhu nawa suka ɗura duka?

Aikin gida

Nemi dattijo mafi tsufa a unguwarku. Tafi da matashi ɗaya daga gidanku. Ku tambaye shi shekarar da ruwa ya fi yawa a garin, ya nuna muku inda ya tsaya. Rubuta shekarar da sunan wurin a littafinka, ka zo da shi aji ranar darasi na gaba.