Kurakuran da mutanenmu ke yi a Babbar Fadar Bangkok

Shekaru ke nan ina zuwa Bangkok, babban birnin Tailan, saro kaya, kuma da wuya a yi tafiya ba a samu wanda ya ce a kai shi ya ga Babbar Fada da wurin bautar Wat Phra Kaew da ke cikinta ba. Na gaji da ganin baƙi suna faɗawa rami ɗaya, ramin da ni ma na taɓa faɗawa.

Zuwana na farko na biya kuɗin ɗan jagora, aka ce mu haɗu a bakin ƙofa ƙarfe tara. Ina tafe gefen farar katangar nan sai wani mutum fes-fes ya tare ni da fara'a, ya ce ai yau an rufe fadar saboda bikin addini, sai bayan azahar za a buɗe. Ya kira mini tuk-tuk, adaidaita-sahun can, ya ce a zaga da ni gari kan kuɗi kaɗan kafin lokacin. Ashe zagayen na shagon tela ne da shagon duwatsun ado, inda direban ke da kamasho. Aka tsare ni da daɗin baki har na sayo wa maiɗakina zobe. Da na dawo gida maƙerin zinariya ya duba ya ce bai kai kwatan abin da na biya ba. Kuɗin jagora ya tafi, wuni ya tafi, fadar ma ban gani ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

To ku ji da kyau. Kullum fadar a buɗe take daga ƙarfe 8:30 na safe, ana sayar da tikiti har 3:30 na yamma, baht 500 na kuɗin ƙasar ga baƙo. Sai jefi-jefi, in akwai hidimar sarauta, ake rufewa, kuma a bakin ƙofa za ka tabbatar da haka, da idonka. Ni yanzu jirgin ruwa nake bi ta kogin Chao Phraya in sauka a mashigar Tha Chang, in miƙe ban kula kowa ba. Lambar ɗan jagora na cikin wayata, in an faɗa mini wata magana shi nake kira.

Kuskure na biyu ya fi ci mini rai, don namu ne, ba wanda ya yaudare mu. A cikin babban ɗakin bautar akwai gunkin Buddha na koren dutse, tsayinsa bai wuce santimita 66 ba, amma babu abin da mutanen Tailan ke girmamawa kamarsa. Sarki da kansa, ko wakilinsa, ke sauya masa tufafi sau uku a shekara: da zafi, da damina, da sanyi. Na taɓa shiga da wani abokin tafiya, ya zauna ya miƙe ƙafafu saitin gunkin, yana dariya yana sakin maganganu da Hausa, ya zaro waya zai ɗauki hoto alhali an hana. Mai gadi ya taso, tsofaffin da ke durƙushe suka waiwayo. Haba malam! Wa ya aike ka? Ba sai sun ji Hausa za su gane raini ba, a fuska ake ganinsa. Kai da ko fadar hakimin garinku ba ka shiga da takalmi, me ya sa a gidan wasu ka mance da ladabi? Addininmu ma ya hana zagin abin da wasu ke bauta wa, a duba aya ta 108 cikin Suratul An'am.

Babu wanda zai ce ka rusuna ko ka haɗa hannu. Ni Musulmi ne, kuma abin da nake yi shi ne in tuɓe takalmi, in tsallake dokin ƙofa ban taka ba, in zauna can baya ƙafafuna a lanƙwashe, in kalli aikin hannu in fito. Ruwan da suke yayyafawa a ka da furen bado ban taɓa karɓa ba, kuma ba wanda ya taɓa jin haushi. In zuciyarka ba ta kwanta da shiga ba, gaya wa ɗan jagora ka jira a waje, ba laifi.

Haka kuma ka kame bakinka game da gidan sarauta. Sashe na 112 na dokar laifuffukan ƙasar ya tanadi ɗaurin shekara uku zuwa goma sha biyar ga wanda ya ci mutuncin sarki, kuma bai ware baƙo ba.

Sauran ƙanana ne. Gajeren wando, wando mai yage-yage da riga marar hannu duk a ƙofa ake tsayar da su. Kaftani da abaya sun wadatar. Kafin ka biya ɗan jagora tambaye shi ko kuɗin tikiti na ciki, kuma ko akwai tsayawa a shago. In akwai, nemi wani. Riƙe ruwa da laima, musamman a watan Afrilu. Kada ka sa ran ganin sarki, don sarakunan sun daɗe da barin zama a nan, yawancin gine-ginen ma daga waje ake kallonsu.

Abin da ke ba ni takaici kuma, mutane kan bi tutar jagora a guje, hoto kawai suke nema. Wurin nan Sarki Rama na Ɗaya ne ya fara gina shi a 1782, lokacin da ya tsallako da babban birni daga Thonburi da ke hayin kogi. A jikin bangon da ya kewaye wurin bautar akwai zane kashi 178 na labarin Ramakien, wata daɗaɗɗiyar almara ta mutanen Tailan, ga kuma ƙaramin samfurin Angkor Wat, shahararren wurin bauta na ƙasar Kambodiya, da Sarki Rama na Huɗu ya sa aka yi. Nakan roƙi jagora minti goma a wajen zanen, akwai inuwa kuma ba cunkoso. In azahar ta yi, masallacin Chakraphong na unguwar Banglamphu, ba nisa, can nake zuwa in yi salla in nemi abincin halal a kewayensa.