Yadda Ake Tantance Kamfanin Manhaja Kafin A Sa Hannu A Kwangila

Duk mai sayar da manhaja ya iya nuni. Zai buɗe kwamfuta, ya danna nan ya danna can, rahoto ya fito tsaf. Kada hakan ya ruɗe ka, domin bayanan da ya yi nunin da su shirya su aka yi don kada a samu tangarɗa. Abu biyu ne ke nuna amincin kamfani: halinsa ranar da manhajar ta tsaya cak, da kuma sauƙin rabuwa da shi in ka so tafiya.

Ka fara da mutanenka. Ka zauna da mai karɓar kuɗi, da mai kula da sito, da akanta, su faɗi ayyukan da suke yi kullum da waɗanda suke yi a ƙarshen wata. Ka raba su gida biyu: na dole, da na "in an samu". Wanda bai riƙe wannan takarda ba, duk abin da aka ƙawata masa shi zai saya.

Daga nan sai gwaji, don ba a cinikin biri a sama. Ka nemi a ba ka manhajar na mako biyu zuwa huɗu, ka zuba kwafin bayananka na gaskiya, ka bar ma'aikatanka su yi aiki da ita ba tare da wakilin kamfanin na tsaye a kansu ba. Wuraren da manhaja ke karyewa sanannu ne, sai ka nufe su kai tsaye. A dawo da kaya bayan an rufe lissafin wata. Kwastoma ya biya rabi yau, rabi jibi. Mutum biyu su buɗe rasit ɗaya a lokaci guda, kowa ya gyara. A cire intanet ana tsakiyar ciniki, a mayar, sannan ka duba: cinikin ya ɓace ne, ko ya shiga sau biyu? Manhajar da ba a gina da kyau ba takan sake tura cinikin idan ba ta samu amsa daga sabar ba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan, sai kaya su ragu a lissafi alhali suna nan a shago. A cikin makonnin nan kuma ka aika wa sashen taimakonsu tambaya mai wuya bayan an tashi aiki, ka ga yaushe za su amsa, kuma ko wanda ya amsa ya san aikin.

Za su ba ka sunayen kwastomomin da ke yabon su. Ka kira su, amma ka nemi a haɗa ka da wanda ya bar su. Kamfanin da ya ce bai taɓa rasa kwastoma ba, ko dai sabo ne ko akwai abin da yake ɓoyewa.

A kwangila za ka ga alkawarin cewa manhajar za ta yi aiki kashi kaza cikin ɗari na lokaci. Ka mayar da shi awanni. Kashi 99.9 na nufin za ta iya tsayawa kusan awa 9 a shekara. Kashi 99 kuwa ya haura kwana uku da rabi. Ka duba ko lokacin da suke rufewa don gyara yana cikin lissafin, don yawanci cire shi ake yi. Diyyar ma galibi ragi ne daga kuɗin wata mai zuwa, ba biyan asarar cinikinka ba.

Batun tsaro, takardu biyu aka fi nema: shaidar ISO 27001 da rahoton SOC 2, waɗanda masu bincike daga waje ke bayarwa bayan sun duba yadda kamfani ke kare bayanai. Na biyun iri biyu ne, ɗaya yana duba tsarin a rana guda, ɗayan yana bin sa na tsawon watanni, kuma shi ya fi nauyi. Ka karanta abin da shaidar ta shafa. Sau da yawa ta kamfanin da ya ba su hayar sabar ce, ba tasu ba. Ƙaramin kamfani zai iya rasa waɗannan takardu kuma ya kasance nagari, amma dole ya amsa maka: wa ke iya ganin bayananka a cikin ma'aikatansa, akwai tantancewa mai mataki biyu wajen shiga (kalmar sirri da kuma wata shaida ta biyu), sau nawa ake ajiye kwafin bayanai, kuma yaushe aka gwada dawo da shi? Ajiyar da ba a taɓa gwadawa ba, ranar buƙata ake gane fanko ce.

Ka kuma tambayi yadda suke tura sabuntawa. A 2020 an gano masu kutse sun cusa mugun abu a sabuntawar manhajar kamfanin SolarWinds, kwastomomi kusan 18,000 suka sauke ta. A Yulin 2024 kuwa ba kutse ba ne: kuskure ne a sabuntawar CrowdStrike, kamfanin tsaron kwamfuta, ya tsayar da miliyoyin kwamfutoci masu Windows, har jirage suka kasa tashi. Manyan kamfanoni ke nan. Don haka ka nemi sanin ko ana fara turawa ga ƴan kaɗan kafin kowa, kuma ko ana iya komawa kan tsohuwar.

Sai maganar fita, wadda mai sayarwa ba ya son a ɗauko. A rubuta ɓaro-ɓaro cewa bayanan naka ne, kuma za ka iya fitar da su duka a tsarin da wata manhaja ke karantawa, kamar CSV (fayil mai jera bayanai layi-layi kamar tebur), haɗe da hotuna da takardun da ka liƙa. Ka gwada fitarwar tun lokacin gwaji. Wasu za su ba ka jerin ciniki babu lambar da ke haɗa kowane ciniki da mai shi, ka ga an ba ka bayanai amma ba su da amfani. Ka nemo sakin layin da ke sabunta kwangila da kanta: yawanci sai ka ba da sanarwa kwana 30 zuwa 90 kafin wa'adi, in ka makara ka ɗaure kanka wata shekara. A sa iyaka ga ƙarin farashi.

Idan manhajar taka ce ta musamman aka gina maka, adireshin shafin intanet da asusun sabar su kasance da sunan kasuwancinka, ba na mai ginawa ba. Asalin rubutun manhajar ko a miƙa maka shi, ko a ajiye wurin amintaccen ɓangare na uku da zai sake shi idan kamfanin ya durƙushe. Biyan kuɗi kuma a yi shi kashi-kashi bisa aikin da aka kammala, ka riƙe kason ƙarshe har sai an rufe lissafin wata guda cur da sabuwar manhajar, alƙalumanta sun yi daidai da na tsohon tsarinka.