Ku bar makullin modal a hannun uwa

'Yan uwa masu gina shafukan yanar gizo da React a nan Abuja, ga wata 'yar dabara.

Kada ku bar modal, wato ƙaramar tagar nan da ke buɗewa a kan shafi, ta riƙe bayanin buɗewarta da rufewarta. Ku ajiye shi a kwamfonen uwa, wato ɓangaren shafin da modal ɗin ke cikinsa, da useState (hanyar ajiye bayani a React), ku miƙa wa modal abu biyu kacal: isOpen (ko a buɗe take) da onClose (abin da za ta kira in za a rufe ta).

A React bayani daga sama yake gangarowa. In modal ce ke riƙe da shi, maɓallin da ke wurin uwa ba shi da hanyar buɗe ta cikin sauƙi. Sai mutum ya kwana yana fama da ref da useImperativeHandle, dabarun ba modal umarni daga waje, man janareta na ƙonewa a banza.

Amma ku kula in dialog na HTML, wato tagar da burawuza ta tanada, kuke buɗewa da showModal(). Da an danna Esc, burawuza za ta rufe tagar da kanta, ita kuwa uwa har yanzu true take gani a isOpen. A sake danna maɓalli, shiru. Maganinsa ku saurari close, sanarwar da dialog ɗin ke bayarwa in ya rufe, ku kira onClose a nan.

In kuma shafuka da yawa ne ke buɗe modal ɗaya, miƙa-miƙar za ta gundure ku. Ku kai bayanin Context, hanyar React ta raba bayani ga kwamfonen da yawa ba tare da miƙa-miƙa ba.