Kurakuran da masu ɗaura sufacaja a gida suka fi yi

Na gaji da ganin mutum ya zo da fistin a hannu, gefensa ya ɓalle, yana rantsuwa da Allah wai kayan da aka sayar masa ne ba su da kyau. In na tambaye shi yadda ya yi aikin, kafin ya kai rabin bayani na riga na san inda ya kashe injinsa da hannunsa. Kusan kullum labarin ɗaya ne, kuma ni ma na taɓa ba da irinsa, shi ya sa nake da bakin magana.

Sufacaja famfon iska ce da bel ke juyawa daga kiranshaf, aikinta kawai ta cusa wa inji iskar da ta fi wadda zai iya zuƙa da kansa. A bakin teku nauyin iskar da ke kanmu psi 14.7 ne (psi ma'aunin matsi ne). In ka ƙara psi 7 a kai, ka tura wa kowace silinda ƙarin iska kusan rabin wadda ta saba samu. Iskar nan ba ta tafiyar da mota sai an haɗa ta da fetur daidai gwargwadonta, an kuma kunna mata wuta a lokacin da ya dace. Ɗaure notuna da jan bel shi ne ɓangaren aikin mai sauƙi, amma shi mutane suke ɗauka aikin gaba ɗaya.

Babban kuskure, wanda ya fi kowanne cin inji, shi ne fita da mota kafin a sake wa kwamfutarta saiti. Ni abin da ya same ni ke nan a ɗaurina na farko. Na gama komai da yamma, na tayar da mota, na ji wannan kukan mai daɗi da sufacaja ke yi, zuciyata ta ƙi haƙuri. Sabon saitin bai iso ba, domin sai an kwafi na asali daga kwamfutar an aika wa mai gyara shi, shi kuma ya maido. Na ce wa kaina zagaye ɗaya kawai zan yi, a hankali, ba zan taka totur ba. Kuma da farko lafiya lau, saboda akwai wani ɗan bawul da ke buɗewa ya bar iska ta kewaye sufacajar muddin ƙafarka ba ta yi nauyi ba, don haka motar tana tafiya kamar yadda ta saba. Wannan lafiyar ce ta yaudare ni. Na tarar da babbar mota tana jan jiki a gabana, na sa giya ta uku, na danna. Sai na ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa. Ba ta kai daƙiƙa uku ba na ɗaga ƙafa. Da na dawo gida na buɗe murfin baƙin mai, hayaƙi na fitowa bus-bus kamar numfashi. Washegari na gwada matsin silinda, ɗaya ta faɗi warwas. Da aka buɗe inji, ƙarfen da ke tsakanin zoben fistin na sama da na biyu ya karye. Motar ta yi wata da watanni a kan jak, ina wucewa ina kallonta.

Abin da ya faru a cikin waɗancan daƙiƙun ba boyayye ba ne. Fetur yana ƙonewa tsaf idan iska ta ninka shi sau 14.7 a nauyi, kuma a kan haka mota ke tafiya in ana tuƙin yau da kullum. Amma in akwai matsi a cikin inji, ana son fetur ya fi haka yawa, wajen 11.5 zuwa 12, domin rarar fetur ɗin ita ke sanyaya cikin silinda. Ana kuma ja da lokacin tartsatsin fulogi baya kaɗan. Saitin asali bai san da wannan ba. Sai iska ta yi yawa, fetur ya yi kaɗan, zafi ya hau, ragowar cakuɗar da wuta ba ta kai gare ta ba ta fashe da kanta, ta daki kan fistin kamar guduma. Ƙarar tsakuwar da na ji ke nan. Wasu za su ce maka ai motocin zamani suna da na'urar da ke jin wannan ƙwanƙwasar ta rage wuta da kanta. Suna da ita, amma an yi ta ne don ta gyara ɗan kuskure, kamar ranar da aka sha fetur mai rauni, kuma tana da iyakar abin da za ta iya ragewa. Ba za ta haifo fetur ɗin da babu ba.

Tun daga ranar, ga abin da nake yi, ko da wani zai ce na cika tsoro. Makullin motar ba ya kwana kusa da ita sai saiti ya shiga, ina ba wani ya ajiye min, don na san halina. Ba na fara aiki sai na'urar auna yawan iska da fetur tana hannuna, wadda ake dasa bakinta a bututun salansa, agogonta kuma a gaban direba. Ta asalin mota, a yawancin tsofaffin motoci, ba ta iya faɗa maka komai sai dai ko an haura 14.7 ko an gaza, wannan kuwa ba ya amfanin mai matsi. Nozul ɗin fesa fetur da suka zo da kayan ina sa su, ba na cewa na asali za su iya. Nozul da ke buɗe sama da kashi 85 cikin ɗari na lokacinta ta kai ƙarshen ƙoƙarinta, ba ta da sauran abin bayarwa ranar da aka yi sanyi iska ta yi nauyi. Famfon fetur ma haka. Tsohon famfo zai riƙe matsinsa a tsaye, ya sake shi a daidai lokacin da inji ya kai sama, wato inda ba a yafiya. Na'urar da ke auna matsin iska a bakin inji, wato inda iska ke shigarsa, ma a duba ta: ta motar da ba a yi ta da sufacaja ba galibi iyakarta bar 1, wato kusan psi 14.7 ɗin nan, duk abin da ya haura haka makauniya ce, sai an sa mai bar 2 ko 3. Kuma yayin da kake loda saitin, ka jona batir da caja. Batir ya mutu ana tsakiyar rubutu, kwamfutar na iya zama dutse.

Sai batun ƙarfin fetur. In takardar kayan ta ce oktan 91 ko 93, ka duba ƙasar da aka rubuta ta. Ma'aunin Amurka daban yake da wanda Turai da yawancin duniya ke amfani da shi. 91 da 93 nasu sun yi kusa da 95 da 98 a ɗaya ma'aunin. Mutane da yawa sun ga 91 a jikin famfon gidan mai sun yi murna, alhali ba shi ake nufi ba. In fetur ɗin da kake samu bai kai ba, ka faɗa wa mai saiti gaskiya ya rage wuta, ka haƙura da ƙarfin dokin da ka rasa.

Kuskure na biyu da ya ci min kuɗi kwaɗayi ne tsagwaronsa. Motar ta gyaru, tana tafiya yadda ake so, sai na fara jin ai da na rage girman fulin sufacajar, wato faifan da bel ke hawa, da na ƙara samun matsi. Lissafin gaskiya ne. In fulin kiranshaf milimita 160 ne, na sufacaja 80, inji na juyi 6,000 a minti ita tana 12,000. Ka mai da shi 70, ta haura 13,700. Agogon matsi zai nuna maka ƙari, ka yi ta murmushi. Abin da agogon ba zai nuna maka ba shi ne zafi. Irin wadda nake da ita ta Roots ce, ƙirar da wasu 'yan'uwa biyu Amurkawa, Philander da Francis Roots, suka yi wa rajista a 1860 don hura iska a masana'antu, ba don mota ba. Ba ta matse iska a cikinta, turawa kawai take yi, iskar ta je ta cushe a bakin inji. In ka juya ta fiye da inda aka tsara mata, dafa iskar take yi. Mai dunƙulen sukurori biyu, wadda Alf Lysholm na Suwidin ya inganta a shekarun 1930, tana matse iska a cikinta kuma ta fi jure matsi mai yawa, amma ita ma tana da iyaka. Iska mai zafi ta shiga, kwamfuta ta ja wuta baya don ta ceci inji, sai ka ga gudu na farko da ƙarfi, na biyu da na uku mota ta zama raguwa fiye da kafin ka taɓa ta.

Ni ban tsaya nan ba. Ƙaramin fuli yana nufin bel ba ya samun wurin kamawa sosai, sai ya fara zamewa. Na ga baƙin gari kamar toka a gaban inji, matsi yana hawa sai ya faɗi a sama. Maimakon in gane, sai na ɗaure bel ɗin tamau, na ƙara ɗaurewa. Bayan 'yan makonni boris ɗin hancin sufacajar ya fara gurnani, na altaneta ya bi bayansa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kai da kake karanta wannan kana da ƙaramin fuli a aljihu tun kafin ka ɗaura na farko, ka ji ni da kyau: ka mai da shi cikin kwali. Ka tuƙa motar da fulin da ya zo da ita, ka karanta zafin iskar da ke shiga bayan gudu uku a jere, ba ɗaya ba. In har za ka canza, to da na'urar sanyaya iska da sabon saiti za ka canza, ukunsu tare. Wasu suna ganin rage milimita biyu ko uku ba ya bukatar komawa wurin mai saiti. Ni ina komawa.

Tun da muna kan bel, ka daidaita layinsa da ƙarfe miƙaƙƙe ko hasken lesa, kada ka amince da idonka. Kaucewar ramin bel ɗaya tak ta isa ta cinye gefensa ko ta jefar da shi, kuma a motoci da yawa bel ɗin nan shi ke juya famfon ruwa. Wasu injunan, irin LS na General Motors, fulin kiranshaf ɗinsu ba shi da maƙalli, matsewa kawai aka yi. In takarda ta ce a huda a sa masa fil, a sa, kada a tsallake don ramin yana da wuyar kaiwa.

Akwai kuma masu ɗaura sufacaja a kan injin da tuni yake shan baƙin mai, suna fatan ƙarfi zai dawo. Gwada matsin kowace silinda tun kafin ka sayi komai. In tazarar da ke tsakaninsu ta wuce kashi 10 cikin ɗari, kuɗinka na gyaran inji ne tukuna.

Sauran ƙanana ne, amma kowannensu na ga ya ɓata wa wani rana. Ka cire kan batir ka sauke matsin fetur kafin ka kwance bututu. Da zarar ka ɗaga bakin inji, ka rufe ramukan da tef mai kauri. Ni ba na cusa tsumma, don na san wanda ya manta nasa a ciki, kuma washa ɗaya da ya faɗa rami sai an ɗaga kan silinda. Notunan da ke shiga alminiyam a ɗaure su da sifana mai auna ƙarfi, daga tsakiya zuwa gefe, hannunka ba ma'auni ba ne. Fulogi a sa wanda ya fi na asali sanyi da mataki ɗaya, a rage bakinsa zuwa wajen milimita 0.7 ko 0.8, in ba haka ba matsi zai hure tartsatsin. Bututun da ke fitar da tururin baƙin mai daga inji yana bukatar bawul mai hanya ɗaya, don kada matsi ya koma ta nan ya tura mai ta kowace kafa. Mai sanyaya iska da ruwa, in ba ka fitar da iskar da ta maƙale a bututunsa ba, famfonsa zai yi ta kuka ruwa bai motsa ba. Ka leƙa tankin ka ga ruwan yana gudu da idonka. In taka irin mai kamar katantanwa ce da ke shan baƙin man inji, bututun da ke mai da man ƙasa ya gangara ba lanƙwasa, ya shiga saman inda mai ke tsayawa a kasko. In mai nata man ce, ka duba ko an cika ta, ka kuma duba ko akwai toshin jigila da aka ce a canza da mai numfashi.

Kulocin asali kuwa, in ya riga ya sha tafiya, ka sa a ranka zai fara zamewa a giyar sama. Ni yanzu tare nake sayensa da kayan, in canza shi tun motar tana kan jak, da ruwan birki sabo.