Kwana a bakin tafkin kan tsauni da kyanwa: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

A tsaunukan Kamaru akwai tafkuna da ruwa ya taru a cikin ramukan tsofaffin duwatsu masu aman wuta. Kusa da Ngaundere akwai Tison da Mbalang da na Ngaundaba, can kudu kuma akwai tagwayen tafkunan dutsen Manenguba, waɗanda ake kira tafkin mace da tafkin namiji. Wurare ne da ke jan mai son kafa tanti ya kwana, kuma wanda ya shaƙu da kyanwarsa yakan ji ba zai iya barinta a gida ba. Tafiya da ita tana yiwuwa. Sai dai yawancin wahalar da ake sha daga abu guda take tasowa: mutum ya ɗauka kyanwa za ta yi halin kare. Kare mutum yake bi, duk inda ubangidansa yake nan ne gida. Kyanwa wuri take riƙewa, da ƙanshin da ta shafa a jikinsa, da lungun da ta san za ta shige in ta tsorata. Ranar da ka raba ta da waɗannan, nauyin samar mata madadinsu ya hau kanka.

Kuskuren farko tun a gida ake yinsa, wato rashin tambayar ko wannan kyanwar ta dace da tafiya. Wadda ke shigewa ƙarƙashin gado da zarar baƙo ya yi sallama, da tsohuwa, da mai ciki ko mai shayarwa, da mai fama da numfashi, duk a bar su gida wurin wanda zai ba su abinci da ruwa. Ni a ganina wannan shi ne zaɓin da ya fi dacewa da yawancin kyanwoyi. Mu ne ke marmarin ganin tafki, ita ba ta nema ba, kuma hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha ya ishe mu sanin cewa haƙƙinta ba abin wasa ba ne. Wadda za a iya gwadawa da ita ita ce mai ƙarfin hali, mai fitowa ta shinshina sabon abu, mai cin abinci ko da akwai hayaniya. Muzurun da ba a dandaƙe ba kuwa, ko macen da ke lokacin barbara, hankalinsu na waje, kuma su suka fi saurin ɓacewa.

Daga nan sai maganar igiya, inda aka fi yin asara. Mutane sukan ɗaura igiya a abin wuya, alhali kan kyanwa bai fi wuyanta girma sosai ba. In ta firgita sai ta ja da baya, ta sunkuyar da kai, ta zare. In kuma bai zare ba ya shaƙe ta. Abin da ake buƙata shi ne ɗamara mai kama ƙirji da kafaɗu, a ɗaure ta yadda yatsa ɗaya ko biyu kawai za su shiga tsakaninta da jiki. Ko da ita ma, kada ka ja kyanwa ta gaba, domin jan nan ne ke ba ta damar zamewa ta baya. Ka tsaya a bayanta ko a gefenta, ka sassauta igiyar, in ta tsorata ka ɗauke ta da bargo ka sa a kejinta.

Kuskuren da ke tafe da wannan shi ne saya wa kyanwa ɗamarar ana gobe tafiya. Ranar farko da aka sa mata, takan kwanta ta ƙi motsi, ko ta yi ta birgima. Sabo yana ɗaukar makonni. A fara da 'yan mintuna a ɗaki lokacin cin abinci, sannan a haɗa igiya a bar ta tana ja, sannan a fita tsakar gida. Bayan haka a kafa tantin a cikin gida, a sa bargonta a ciki, a kwana tare. Kyanwar da ta taɓa barci a tanti, ta goga kumatunta a jikinsa, in ta gan shi a bakin tafki ta ga abin da ta sani. Haka kejin: a bar shi buɗe a ɗaki tana shiga tana fita, don kada ta san shi da tafiya asibiti kaɗai.

Wasu kuma, in sun isa, sai su ɗaure ta a gindin itace su tafi ɗibar ruwa. Kyanwar da aka ɗaure ba ta da hanyar tsira in kare ya zo, kuma in ta hau reshe ta faɗo igiyar na iya rataye ta. Ko dai tana hannunka, ko tana cikin keji, ko tana cikin tanti a rufe. Zif ɗin tantin ma a haɗa kawunansa a sama a ɗaure, don tana iya tura shi da hanci daga ƙasa.

A hanya zafi ne abokin gaba. Wanda ya taso daga Garwa zuwa Ngaundere zai yi kusan kilomita 280, kuma a watan Maris da Afrilu zafin Garwa kan kai digiri 40. Kada a sa keji a but, kada a ɗora shi saman mota tare da kaya, kada a bar kyanwa cikin motar da aka tsayar aka rufe ko da na lokacin yin salla ne. Kare yana haki ba komai, amma kyanwar da ta buɗe baki tana haki tana cikin matsala, ko ta zafi ko ta tsananin tsoro. A tsaya a inuwa, a shafa mata ruwa mai ɗan sanyi a tafin ƙafa da ciki. A rage mata abinci 'yan awoyi kafin tashi saboda amai. Mai tsallaka iyaka daga Najeriya ko Chadi ya riƙe katin allurar haukan kare da takardar lafiya daga likitan dabbobi, kuma a yi allurar aƙalla kwana 21 kafin tafiya domin ta kama jiki.

Da an hau sama kuma sai lamarin ya juya. Kowane hawan mita 1,000 yana rage zafin iska da kimanin digiri 6 da rabi. Ngaundere tana sama da mita 1,000, filin da tafkunan Manenguba suke ya kusa mita 2,000, kuma daren Disamba da Janairu a can yana da sanyi mai shiga ƙashi, ga raɓa, ga hazo. Ana cewa ai tana da gashi. Gashin kyanwar da ta girma a Marwa ko Yola bai saba da wannan ba, kuma zafin jikinta na lafiya tsakanin digiri 38 da 39 yake, ƙaramin jiki kuwa da wuri yake hucewa. Ƙasa ce ke zuƙe ɗumi, saboda haka shimfiɗa a ƙarƙashinta ta fi bargo a samanta muhimmanci. In ta jiƙe a goge ta nan take. In kunnuwanta da ƙafafunta sun yi sanyi, tana rawar jiki ko ta yi laushi, a sa ta cikin riga a jikin mutum.

Sanyin nan ne ke kai mutane ga kuskure mafi muni: shigar da kurfoti ko murhun gawayi cikin tanti. Gawayi yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mai hana jini ɗaukar iskar numfashi. Tana kashe mutum yana barci, kyanwa kuma ta riga shi. Wuta a waje take zama. Abin da ya fi shi ne a cika gora da ruwan ɗumi, a naɗe ta da tsumma, a ajiye kusa da ita.

Wurin kafa tanti ma ana kuskurensa, don ido yana son bakin ruwa. Bakin ruwa kuwa mashaya ce. A Manenguba da tudun Adamawa makiyaya suna kiwo, shanu suna saukowa, wani lokaci da karnuka, kuma inda shanu ke tsayawa nan kaska take. Iska mai sanyi ma gangarowa take yi da dare ta kwanta a kwari, sauro na nan, dabbobin dawa na zuwa sha. A hau tudu kaɗan, nesa da burtali, a share busasshiyar ciyawa saboda gobarar daji da rani. A je ruga a yi sallama, a gaya musu akwai kyanwa a tanti, su sun san karnukansu da macizan wurin fiye da kowa. Akwai kuma darasin tafkin Nyos, wanda a daren 21 ga Agusta 1986 ya saki iskar da ta taru a ƙarƙashinsa, ta bi kwari ta kashe mutum 1,746 da dabbobi kusan 3,500. Shekara biyu kafin nan tafkin Monoun ya kashe mutum 37. Irin waɗannan tafkuna ƙalilan ne a duniya, an kuma sa wa waɗannan biyun bututun rage iskar, amma iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, ƙasa take bi, kuma hancin kyanwa a ƙasa yake. Tafkin da ba ka sani ba, ka tambayi mutanen wurin kafin ka kwana a kwarinsa. Ka tambayi halin tsaro ma, musamman tafkin Oku da ɓangaren Bangem na Manenguba, da ke yankunan da rikici ya shafa tun 2016.

Sai magunguna, kuma nan nake roƙon a kula ƙwarai, domin da kyakkyawar niyya ake kashe kyanwa. Hantarta ba ta iya sarrafa wasu sinadarai da jikin mutum da na kare ke sarrafawa. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya tana iya halaka ta. Maganin kaska da ƙuma na karnuka mai sinadarin fametirin, wanda ake ɗigawa a bayan wuya, yana sa ta karkarwa da farfaɗiya. Ruwan wankan shanu da fiya-fiya ba a kusantar da su gare ta. Maganin sauro na kunnawa ko na fesawa ba a amfani da shi cikin rufaffen tanti, wanda ka shafa a hannu kuma kada ka shafe ta da shi, don duk abin da ya taɓa gashinta sai ta lashe. A nemi maganin kaska da aka rubuta na kyanwa ne daga likitan dabbobi, a sa mata kwanaki kafin tafiya. Kowace yamma a laluba kunnuwa, da wuya, da hammata, da tsakanin yatsu. In an ga kaska a kama ta da hantsaki dab da fata a ja a miƙe a hankali. Ba a ɗiga mata kananzir, ba a ƙona ta da ashana.

Abinci ba ya buƙatar dogon bayani: wanda ta saba ci a gida shi za a ɗauko, har da ƙari. Madarar da za a ba ka kyauta a ruga kai ka sha, domin yawancin manyan kyanwoyi zawo take sa su, zawo a daji kuwa yana ƙarar da ruwan jiki. Kilishi da tsire suna da albasa da tafarnuwa a yajinsu, su kuma suna lalata jinin kyanwa. Ruwan da take buƙata kimanin mililita 50 ne ga kowane kilo na nauyinta a yini, wato mai kilo 4 ta sha kusan ƙaramin kofi guda. A ba ta irin wanda kai kake sha, tafasasshe ko na gora. Ruwan tafki, musamman inda ya yi kore kamar an zuba fenti, yana iya ɗauke da guba mai lalata hanta. In ta ƙi shan ruwa, abinci mai romo yana taimakawa. In ta yini ta kwana ba ta ci komai ba, a naɗe tanti a koma, don kyanwar da ta yi kwana biyu zuwa uku ba ci hantarta na shiga haɗari.

Ana mantawa da wurin bayan gida, a ce ai ga ƙasa ko'ina. Kyanwa a baƙon wuri takan riƙe fitsari har ya cutar da ita. A zo da ƙaramin faranti mai zurfi da yashin da ta saba, har da ɗan wanda ta riga ta yi amfani da shi. Kashinta a ƙulle a leda a fita da shi, ko a binne nesa da ruwa, saboda yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa tumaki da awaki ɓari, tana kuma yi wa mata masu ciki illa.

Sakinta ta yi farauta ma kuskure ne, ta fuska biyu. Macijiyar nan kasa tana kwance a ciyawa ba ta gudu, mikiya da dila suna nan, wasu kwaɗi kuma fatarsu na da dafi. Ta ɗaya fuskar, dutsen Manenguba da tafkin Oku suna da nau'o'in kwaɗi da babu su a ko'ina a duniya sai can, kuma sun kusa ƙarewa. Mutanen wurin kuma suna girmama wasu tafkunan, kamar na Oku da tafkin namiji na Manenguba, don haka a nemi izini a bi ƙa'idarsu.

In duk da haka ta kuɓuce, kada a bi ta da gudu ana ihu. Kyanwar da ta tsorata ba nisa take yi ba, ɓuya take yi a kusa ta yi tsit, ko sunanta kake kira ba za ta amsa ba. A bar tantin inda yake, a buɗe ƙofarsa, a ajiye bargonta da kifin gwangwani a bakin ƙofa. A duba ƙarƙashin duwatsu, da cikin sarƙaƙiya, da saman itatuwa, a zagaye kusa kafin a yi nisa. Lokacin da ya fi shi ne bayan magariba da kafin asuba, da tocila a riƙe ƙasa-ƙasa, don idonta na ƙyalli in haske ya same shi. A sanar da makiyaya da yaransu, a nuna musu hotonta a waya, a bar musu lamba. Abin wuya mai ɓallewa da kansa in ya maƙale, wanda aka rubuta lambar waya a jikinsa, yana da amfani ƙwarai a irin wannan wuri.

Bayan an dawo gida a sake laluba jikinta, a wanke bargon da ruwan zafi, a sa mata ido na mako biyu. In ta daina ci, ko ta yi zazzaɓi, ko dasashinta ya yi fari, a kai ta wurin likitan dabbobi a gaya masa inda aka je da ko an cire mata kaska.