Birki ya yi tauri? Ku gwada wannan kafin ku sayi sabon busta

Salamu alaikum 'yan uwa direbobi, musamman masu tsofaffin Golf da Sharon da ke lodin kasuwar Wudil da Maigatari.

Idan fedar birki ta yi tauri har sai ka danna da ƙarfin tsiya kafin birki ya kama, tsaya ka kashe mota tukuna. Taka birki sau 5 har ya ƙage, ci gaba da danne shi, sannan ka tayar da inji. In fedar ta ɗan nutse ƙasa, busta (na'urar da ke ƙara wa ƙafarka ƙarfi in ka taka birki) lafiya lau. In ko ba ta motsa ba, kada ka yi saurin biyan kuɗin sabo. Buɗe bonet ka bi baƙin tiyon da ya taso daga manifol (bututun da inji ke shaƙar iska ta cikinsa) zuwa busta, ta wannan tiyon ne inji ke zuƙe iska daga busta don birki ya yi sauƙin takawa. Zafin rana da ƙurar hanyoyinmu na tsattsaga shi, iska ta riƙa shiga, kuma sau da yawa nan matsalar take. Cire ƙaramin bawul ɗin da ke jikinsa ka hura, gefe ɗaya kawai ya kamata iska ta wuce. Masu dizal, naku famfo ne daban ke zuƙo iskar, shi za a duba.

Jin huci a ƙarƙashin sitiyari in ka taka, robar cikin busta ce ta yage. Feda mai laushi da ke tafiya har ƙasa kuwa, duba man birki da masta (famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi), kuma kada a ɗauki fasinja sai an gyara.